Giɓi Daban, Wushirya Daban

Zuwa ga Babban Likita,
Shugaban asibitin haƙoran nan na Adabraka. Ba zan kama suna ba, mai abu ya san kansa.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya.

Ni ce Zuwaira, mai dafa abincin biki a Nima, wadda kuka sa wa robar daidaita haƙora. In sunan bai tuna maka da kowa ba, ka tuna matar da ta zauna a ɗakin jiranku da filas ɗin koko ta ce ba inda za ta. To, ni ce.

Saƙonku ya shigo wayata, wai kuna neman izinin sa hoton bakina, na da da na yanzu, a tallarku. Na yi dariya har 'yan aikina suka bar yankan albasa suka leƙo. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na rubuto ta a fili, inda mutanen Nima da Maamobi za su gani. Kuma da gangan na rubuta da Hausa, don Turanci ne ya haɗa mu faɗa tun farko. Ka nemi mai fassara maka, amma ka fara gwada shi da kalmomi biyu, giɓi da wushirya. In ya ba ka ma'ana ɗaya, ka sallame shi ka nemi wani.

Na farko: abin da na kawo muku.

Na haura arba'in lokacin da na taka ƙofarku. Haƙorana na ƙasa sun hau juna kamar fasinjojin motar haya ta trotro da yamma, ɗaya ya juya baya, ɗaya ya leƙo yana yankar mini leɓe. Nama in ya maƙale a ciki, sai dai a yi ta fama da tsinke har dasashi ya yi jini. A gefe kuma akwai giɓi, gurbin haƙorin da aka cire mini bayan haihuwata ta biyu. Ni da nake ciyar da taro, in aka zo ɗaukar hoto da amarya sai in danne leɓen ƙasa in yi murmushin rabin baki. Na gaji da wannan.

Yayata Hadiza ta ce mini, "Ke Zuwaira, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da jika za ki je a sa miki waya a baki?" Na ce mata ba waya ba ce, roba ce garai-garai da ake kifawa a kan haƙora, ba mai ganinta, ana canza wata bayan wata har haƙoran su koma layi. Ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake yi wa wanda ya ƙi jin magana.

A sama kuwa, tsakanin haƙoran gaba guda biyu, ina da wushirya. Ranka ya daɗe, a nan nake so mai fassararka ya nutsu. Giɓi rashi ne: haƙori ya faɗi, wurinsa ya zauna fayau. Wushirya kyauta ce daga Allah, da ita haƙoran suke fitowa, kuma a wurinmu ado ce da ake yi wa kirari. Tawa ta Inna ce, mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta. Ita ma ta gada daga kakarmu da ta zo daga Damagaram. Mu bakwai Inna ta haifa, ni kaɗai na ɗauko ta. Ban gaji gida ba, ban gaji zinariya ba. Wannan 'yar tazarar ce rabona, kuma in na yi dariya a madubi Inna nake gani.

Na biyu: inda aka yi kuskuren.

Ranar da aka ɗauki hoton bakina da na'ura, ka shigo a gurguje ka tambaya da Turanci me nake so. Turancina na kasuwa ne, yana sayen tumatir amma ba ya bayanin baki. Sai na juya wajen Farida, yarinyar da ke karɓar baƙi a wurinku, 'yar Maamobi ce, na faɗa mata da Hausa dalla-dalla: a daidaita na ƙasa, a rufe giɓin, a bar mini wushiryata. Ta ce, "Hajiya, kar ka damu, na ji." Hausar 'ya'yanmu na Zongo ke nan, mace ma "ka" ce. Ashe yarinyar nan ba ta taɓa jin kalmar wushirya ba, kunya ta hana ta tambaya. Da ta juya ta faɗa maka, sai giɓi da wushirya suka zama kalma ɗaya, tunda Turanci suna ɗaya ya ba su. Kai kuma ka gyaɗa kai ka fita.

Ban ga laifin Farida ba, ba a ɗauke ta aikin tafinta ba. Bakina a buɗe yake a gabanka, ga madubi, ga yatsanka. Da ka nuna ka ce, "Wannan fa?" da duk wannan wasiƙar ba ta taso ba.

Na uku: wahalar da na sha da zuciya ɗaya.

Kun ce robar ba ta fita sai in za a ci abinci. Kun manta sana'ata. Mai dafa wa taro ɗanɗano ne aikinta: miya, waakye (shinkafa da wake), jalof, kowace tukunya sai na taɓa. Kowane ɗanɗano sai in juya baya in zare roba, in ɗanɗana, in kurkure baki, in mayar. Burushi ya koma zama a jakata tare da carbi. Goro, wanda tun ina budurwa ban rabu da shi ba, na bar shi. Kwanakin farko harshena ya rikice, in na ce a sauke shinkafa sai yara su kwashe da dariya. Ranar da aka sa sabuwar roba kuwa haƙora su yi ta zugi, ko burodi ba na iya gatsa. Duk ban yi ƙorafi ba, don ina ganin na ƙasa suna matsawa, suna ba juna wuri.

A wurin alwala na fara gane akwai matsala. Tun ina yarinya, in na kurkure baki, ta wushirya nake tsartar da ruwan, siriri, ya tafi nesa. Inna ta sha dukana a kan haka. Wata rana da la'asar na tsartar, sai ruwan ya tarwatse ya jiƙa mini gaban riga. Na sake, haka. Na ce ko gajiya ce.

Bayan 'yan makonni muka haɗu da Yaya Hadiza a wani suna a New Town. Ina cikin dariya ta kama mini haɓa a gaban mutane ta juya fuskata wajen haske. Ta ce, "Zuwaira, ina wushiryar Inna?" Na ari madubin wata na duba. Tazarar da a da tsinken tsintsiya ke wucewa a sake, ta koma kamar zare. Garin neman gira ina shirin rasa ido. A gidan sunan mutane na zauna na yi kuka, ni da girmana.

Na huɗu: amsar da ka ba ni.

Washegari na zo ofishinka. Ka duba kwamfuta ka ce komai yana tafiya daidai, tazarar gaba ta kusa rufewa, in yi murna. Da na ce ba na so ta rufe, ka dube ni kamar na ce a mayar mini da ciwo. Ka ce a littafinku wannan aibi ne, mutane kuɗi suke biya a rufe musu. Ka ce an nuna mini hoton yadda bakin zai koma kuma na sa hannu. Ka ce in ina son a sake tsari, sabon aiki ne da sabon biya.

Ranka ya daɗe, wancan hoton haƙora ne tsirara suna motsi a allo, ba leɓe ba fuska, an nuna mini shi a tsaye ana kiran mai bi mini. Ko uwar da ta haife ni ba za ta gane bakina a ciki ba. Na sa hannu a gyara mini, ban sa hannu a shafe ni ba. Littafinku kuma ban raina shi ba, ilimi ne, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ko sau ɗaya ba ka tambaye ni dalilin da ya sa nake son ta ba.

Shi ya sa na zare robar na sa a ɗan akwatinta, na ajiye maka a tebur, na fita na zauna a ɗakin jira. Ban ɗaga murya ba, ban zagi kowa ba. Duk wanda ya shigo na gaishe shi, in ya tambayi abin da ya kawo ni, in faɗa masa. Kashegari na dawo da filas ɗin koko da ƙosai, har na ba mai gadinku.

A nan ƙaramar likitarku, Dokta Akosua, ta same ni. Ta ja kujera ta zauna kusa da ni, ta ce in yi mata bayani da yarensu na Twi in ya fi mini sauƙi. Ban kai ƙarshe ba ta dafe ƙirji ta ce, "Ai kakata ma tana da ita! A garinmu mai irin wannan ba ta kwantai." Ashe ba sai Bahaushe ba. Ta shiga wurinka, ban san me kuka tattauna ba, na dai ji muryarta ta ƙofa. Da ta fito ta ce in hau kujera. Ta sake ɗaukar hoton bakin, ta miƙo mini madubi, ta riƙa nuna haƙori ɗaya-ɗaya tana tambaya. Aka sake tsarin, ba a karɓi ko pesewa a hannuna ba.

Na biyar: yadda aka ƙare.

Alhamdu lillahi! Ka zo ka ga baki. Na ƙasa sun jeru reras, wanda ya juya baya ya fuskanci alƙibla, giɓin gefe ya rufe ruf kamar ba a taɓa cire komai ba. Leɓena ya huta. Wushirya kuwa ta dawo a hankali, roba bayan roba. Ranar da na kurkure baki ruwan ya fita siriri ya sauka can gindin famfo, na rangaɗa guɗa a tsakar gida, maƙwabta suka fito suna tambaya wa ya haihu.

Yaya Hadiza ta zo ta sake kama haɓar, ta duba sama ta duba ƙasa. Can ta share ido da bakin gyale ta ce, "To, busasshen icce ma yana tanƙwaruwa." Yanzu ita ke tambayata ko ana yi wa 'yan hamsin. A bikin da na dafa na baya-bayan nan, mai hoto sai da ya ce, "Hajiya, a rage dariyar, amarya ake ɗauka." Na ce ba zan rage ba, bashin shekaru nake ramawa. Da dare ina sa robar da ke riƙe haƙora kada su koma, kuma Dokta Akosua ta sa an yi ta da 'yar katanga a tsakiya, mai tsare mini tazarata.

Aikin hannunku yana da kyau, wannan ba zan ɓoye ba, kuma na faɗa wa duk wanda ya tambaye ni. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Don haka ga buƙatuna.

Hotona na yarda ku sa, amma da fuskata gaba ɗaya, ina dariya, wushirya a fili. Kada wani mai kwamfuta ya taɓa ta. A ƙasa ku rubuta cewa mai bakin ce ta ce a bar ta.

Allon da ke ƙofarku, mai hoton wata baiwar Allah da wushiryarta a jerin cututtukan da kuke magani, ku sauke shi. Matan Zongo suna wucewa ta nan kullum, kuma 'yan mata suna karantawa. Wadda ta ga tana son a rufe tata, bakinta ne, ku rufe mata. Amma kada ya zama allonku ne zai fara gaya mata cewa aibi ce.

Duk wanda ya hau kujerarku, ku ba shi madubi, ku nuna da yatsa, ku tambaya. In Hausa yake ji, ku samo wanda Hausarsa ta kai baki, ba ta gaisuwa kaɗai ba. Farida kuma kada a taɓa mata aiki. Ta zo har gida ta ba ni haƙuri, na zuba mata tuwo, yanzu ta fi kowa sanin kalmar. Dokta Akosua kuwa, in kana da hankalin riƙe ma'aikaci, ka riƙe ta da hannu biyu.

Ta ƙarshe ita ce babba. Jikata Rabi'atu, mai sunan Inna, ta yi famfara bana. Sababbin haƙoranta na gaba sun fito, kuma duk safiya sai na ce ta buɗe in gani. Akwai tazara. Dokta Akosua ta ce ta yara takan rufe da kanta in sauran haƙoran sun fito, kada in sa rai da yawa. Na ji, amma ina addu'a. In Allah ya bar mata ita, wata rana ta girma ta shigo asibitinku da kuɗinta a jaka, ni kuma ina ƙarƙashin ƙasa ba mai zuwa ya zauna muku da filas, don Allah Likita, kafin ku taɓa, ku tambaye ta.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya albarkaci hannunka, ya sa kunnenka ya kai hannun gwaninta. Allah ya tsare asibitinka daga sharri, ya kawo maka masu haƙora da yawa. Ni dai na yafe.

Wassalam.

Zuwaira mai abincin biki,
Nima, Accra.