Ba ƙiba ba ce

Malam,

Idan ka dawo daga kasuwar Shinkafi ba za ka iske ni ba. Na wuce babban asibitin Ƙaura tare da Inna, mahaifiyarka. Ka yi haƙuri, na fita ban jira izininka ba. Motar da ke ɗaukar mata guda ce yau, kuma Inna ta ce ta ɗauki laifin.

Da safe na je awon ciki kamar yadda ka amince. Na hau sikeli, malamar asibiti ta duba kati, ta ce in sake hawa. Kilo biyar na ƙara cikin mako biyu. Ta danna ƙafata da yatsa, wurin ya loɓa ya ƙi tasowa. Ta ce jinina ya hau, kada in kwana a gida.

Ƙibar nan da kuke ta yabawa, kuna cewa ciki ya karɓe ni, ruwa ne, Malam. Haka Yaya Kulsumu ta cika fuska, muna yi mata barka, kafin jijjiga ta ɗauke ta da cikin wata takwas. Nawa yau wata bakwai. Ban gaya maka ciwon kan da nake yi ba don kada ka fasa kasuwa. Wannan ma ka yafe mini.

'Yarmu Nusaiba tana gidan Alhaji maƙwabcinmu, ta ci abinci. Kada ka tsaya sayen tsaraba, kai dai ka zo.

Zoben da ke kan takardar nan shi ne wanda ka ba ni na aure. Ya ƙi fita daga yatsana, sai da aka yanke shi. Ka ajiye mini, zan sa a gyara.

Zulaihat