Baƙin da ke Hawa Labulen Umma

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya fama da jama'a? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Na kalli gajeren fim ɗin da kika shirya kika turo mini. Ni dai kafinta ne, abin da na sani shi ne kujera a ƙasa take zama. Ke kuwa kin manna ta a silin, kin sa ruwa yana malala daga ƙasa zuwa sama, ga wasu mutane 'yan mitsi-mitsi kamar yatsa suna hawa labule a jere, babu mai baki a cikinsu. Ba kiɗa, ba magana, sai ƙugin fanka. Matata ta kai rabi ta ajiye wayar, wai tsikar jikinta tashi take yi.

Abin da ya dame ni, ɗakin Umma ne sak kika kwaikwaya, har da agogon nan da ya tsaya. Kin san halin da ake ciki. Tun da idonta ya fara dushewa take cewa tana ganin abubuwa. Ranar da ta ɗage ƙafa wai kada ta taka wani bawan Allah a kan darduma, matata ta hana yara shiga wurinta. Yanzu Kawu ya dage sai an kai ta asibitin masu taɓin hankali. Ke da ta saki jiki ta ba ki labari lokacin hutunki, shi ne za ki mai da shi abin kallo? Ban gane ba, Auta.

Yayanki.

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jiki, ya gajiya? Yau da farin ciki na ɗauki biro.

Ranar Talata na kai Umma wurin likitar ido. Bayan ta gama haska mata fitila, sai ta tambaye ta ko takan ga abin da wasu ba sa gani. Umma ta ce a'a, amma ta matse hannuna har sai da na ji zafi. Tsoron Kawu da asibitinsa take yi. Na buɗe baki in yi bayani, na rasa ta inda zan fara, sai kawai na ciro waya na kunna fim ɗinki.

Likitar ta kalla har ƙarshe. Sannan ta kai wayar gefen idon Umma, inda take da sauran gani, ta ce, "Mama, su ne waɗannan?" Umma ta daɗe tana ƙurawa, can ta ce, "Su ne. Sai dai nawa suna da huluna."

Likitar ta yi dariya, ta yi mata wasu tambayoyi, sannan ta ce hankalinta ras yake. Wai in ido ya rage kai wa ƙwaƙwalwa hoto, wani lokaci sai ƙwaƙwalwar ta riƙa ƙirƙiro nata, kuma masu irin wannan da yawa ɓoyewa suke yi don kada a ce sun zautu. Ta ma roƙi ki ba ta izini ta nuna wa wasu marasa lafiyarta. Umma ta rufe fuska da gyale ta yi kuka, ni kuma na juya ina kallon bango.

Kawu ya kalla jiya. Ya ce wannan fim ko mai lafiyar ido ya gama shi sai ya fara ganin abubuwa, amma bai sake ta da maganar asibiti ba. Yara sun koma ɗakinta. Matata da kanta ta kai su, ta zauna tana yanke wa Umma farce.

Auta, mu duka muna gida ɗaya da ita muna ce mata ta daina, ke kaɗai kika tambaye ta yaya abin yake, kika zauna kika saurara. Na gode. Allah Ya yi wa aikinki albarka, ko da ba zan taɓa gane dalilin manna kujera a silin ba.

Umma ta ce in gaya miki ki zo da wuri, akwai wanda ba ta faɗa miki ba. Wani lokaci da hantsi takan ga marigayi Baba a bakin taga yana gyara tabarau. Ta san ba shi ba ne, amma ba ta son likita ta yi maganin wannan. Ta ce ki zo ta ba ki labarinsa, sai dai ki bar kyamarar a gida.

Kowa yana gaishe ki.

Yayanki mai ƙaunarki,
Kafinta.