Gwazar da Gwaggo Ta Dafa

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, Ya ƙara muku rufin asiri. Mu nan da sauƙi. Yaya Babba ya koma bakin aikinsa, mu ma an dawo hutu, 'yan ajina sun cika mini kunne kamar kullum. Jikin Inna kuwa, hannun hagun ya fara motsi, maganarta ta fi fita, amma ƙafar har yanzu jan ta take yi. Na yi ta neman wayarki ba ta shiga, sai Yaya ya ce ta faɗa ruwa, shi ya sa na ba direban da ke bi ta wajenku wannan takarda.

Auta, kafin ki ƙarasa karantawa, tashi ki duba tukunyar furen da kika tafi da ita. Ranar da muka yi magana kin ce ganyen ya yi rawaya ya zube, za ki juye ƙasar ki shuka na'ana'a. Don girman Allah kada ki juye. Bai mutu ba, barci yake yi, haka yake kowace shekara idan sanyi ya shigo. Abin da ke cikin ƙasar nan shi kaɗai ya rage mana na gwazar adon Baba, wadda masu sayar da fure ke kira kaladiyam, mai ganye kamar zuciya, ja a tsakiya, kore a gefe, da ɗigon fari kamar an yayyafa nono.

Kin san tun rasuwar Baba Inna ce ke kula da tamu. Abin da ba ki gani ba shi ne yadda ta zama bayan ciwon shanyewar ɓarin jikin nan. Likita ya ce dole ta riƙa taka ƙafar kullum, in ba haka ba za ta sandare, ba za ta ƙara tashi ba. Na roƙe ta, Yaya ya yi faɗa, jikoki sun ja mata zane, ko gezau. Amma kowace safiya sai ta dafa bango, ta bi ta gaban ɗakin girki har baranda, ta tsaya kan tukunyar nan tana ƙirga ganye da hannun da ke aiki. Ko da ganyen ya zube ba ta fasa ba, ta ce tana jiran tsiro.

Da ganyen ya bushe, na tono saiwoyin kamar yadda Baba ya koya mana, na baza su a tire a ɗakin ajiya su sha iska. Ina makaranta Gwaggo ta zo duba Inna. Ta shiga neman abin da za ta ɗora a wuta, ta gan su, ta ce wane irin almubazzaranci ne wannan, an bar gwaza tana yaushi. Ta fere su tas, ta dafa, ta ɗanɗana guda don ta ji gishiri. Kafin in dawo leɓenta ya kumbura, harshenta na ƙaiƙayi kamar ta tauna allura, maƙwabciya ta kai ta asibiti. Alhamdulillahi ta warke. Yanzu cewa take ƙanen nata ko a kabari bai daina tsokanar ta ba, kuma gidan malamai ne kawai gwaza ke yin kwalliya. Na yi dariya a gabanta, na shiga ɗaki na yi kuka. Har ɓawon na tsinto daga kwandon shara na binne, ko wani zai tsira, duk ya ruɓe.

Ban iya gaya wa Inna ba. Na mayar da ƙasa cikin tukunya na daddanna, Inna tana zuwa tana kallon ƙasar da ba komai a cikinta. Na zaga wajen masu fure. Akwai fari, akwai ruwan hoda, wani ma ya so ya sayar mini da gwazar ci yana rantsuwa za ta yi ja idan ta girma. Irin na Baba babu, kuma Inna ba za ta ruɗu ba. Zafi ya fara shigowa, ta san lokacin tsiro ya yi kusa.

To ga abin da za ki yi, ki bi shi a hankali kamar yadda kike bin darasi sa'ad da nake zaunar da ke a tabarma. Kada ki ƙara zuba ruwa, ruwa a lokacin barci shi ke ruɓar da shi. Ki kifa tukunyar a kan buhu, ki warware ƙasar da yatsu, ban da wuƙa. Ki matsa kowace saiwa: mai tauri tana da rai, mai laushi da wari ta tafi. Idan guda ɗaya ce babba, ki duba 'yan ƙullutun da ke samanta, su ne idanu, ki yanka ta yadda kowane ɓari zai samu ido. Ki shafa toka a wurin yankan, ki bar su a inuwa har ya bushe. Ki naɗe a takarda ko garin katako, kada ki sa a leda, za su yi gumi. Ki wanke hannu da sabulu, ki ɗaga su daga inda yara ke kaiwa, kuma ki rubuta a jikin ƙunshin cewa ba na ci ba ne, kada direba ma ya gwada. Wanda za ki sake shukawa, ki sa ƙasa mai yashi da ruɓaɓɓen taki, tukunya mai huji, idanu suna kallon sama, zurfin rabin yatsa. Rana ta safe kawai yake so, ta tsakar rana ƙona shi take yi.

Ki gaishe mini da maigidanki, da surukarki Hajiya, da Takwarar Inna, da Ɗan Lele mai ƙin wanka. Yaya Babba da matarsa suna gaishe ku, Gwaggo ma, da sauran kumburinta.

Ina cikin rubutun nan Inna ta kira ni ta tambayi wa nake rubuta wa. Da na ce ke ce, sai ta ce in gaya miki idan taki tana da rai, kada ki aiko duka, ki rage wa kanki. Ban san wa ya gaya mata ba. Yau dai ba ta fito baranda ba, ta ce ƙafar ta yi nauyi. Direban zai juyo ta wajenku, Auta, kada ki bari ya dawo hannu wofi.

Ni ce yayarki mai ƙaunarki,
Anti Malama