Wanda Rijiyar Tsaskiya Ta Rufta da Shi

Batsari, Fabrairu 1974

Zuwa ga Yaya Hansai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara.

Ƙafata ta fara ɗaukata. Amma akwai abin da ban faɗa miki ba a asibiti. Da rijiyar da muke haƙa ta rufta da ni, ban suma ba. Dutse ya tokare, ya bar mini 'yar kafar numfashi. Da kunnena na ji Sammani, abokin aikina, yana cewa, "Ku bar tonon nan, Daudu ya rasu." Na yi ihu har muryata ta dushe. Na tsotsi laka, na sha fitsarina, na ci kwaɗo ɗanye. Ba don makiyayan Ruma sun zo neman ruwa sun tono ni ba, da can ne kabarina.

Kin san ni, ko kaza ba na iya yankawa. To, wannan Daudun bai fito ba. Ki gaya wa Sammani ina tafe.

Ƙanenki,
Daudu

Tsaskiya

Ƙanena Daudu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, sai farin da ya addabi kowa.

Sammani ya zo gidana yana kuka. Ya ce ƙasa ce ke ta zubowa kan masu tono, ya ji tsoron a ƙara rasa wani. Ya rantse bai ji ka ba. Haba Daudu, kai da kake jan mu salla tun Baba na da rai? Ka bar wa Allah.

Yayarka mai ƙaunarka,
Hansai

Batsari

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya ji ni. Da na kira sunansa, maganarsa ta tsaya cak, sannan ya ci gaba. Na gode wa Allah da ya fitar da ni, amma haƙurina a can ƙasa ya ƙare.

Daudu

Tsaskiya, Yuni 1974

Daudu,

Sallama. Ranar kasuwar Safana, mutane duk sun tafi, rumbun Sammani ya ƙone ƙurmus. A shekarar da ko da kuɗinka ba ka samun gero! Yaransa ganyen tafasa suke ci, abin da na samu nake raba musu da nawa. Ƙaramar, Asama'u, wadda take kiranka Baffa, ba ta jure ba. Ranar Laraba aka kai ta makwancinta.

Wata mai itace ta ce ta ga mutum yana ɗingishi ta bayan gari. Don Allah ka ce mini ba kai ba ne.

Hansai

Batsari

Yaya Hansai,

Ni ne. Na so ya san yunwa, kuma ya sani.

Allah ya jiƙan Asama'u. Na zauna ina jiran hawaye, ba su zo ba, kuma wannan ya fi rijiyar ba ni tsoro. Gobe zan shiga motar kudu. Kada ki neme ni.

Ki huta lafiya.
Daudu