Rabin Yayana Na Kan Kwalta

Goggo Shufen,

Ki taimake ni, kwana tara ke nan abinci ba ya wuce mini maƙogwaro. Ni da yayana Youfu leburorin gini ne a birnin Dongguan, nan ƙasar Sin. Watan jiya ya faɗo daga hawa na shida. Aka ƙone gawarsa, aka miƙo mini tokar. Kin san halin mutanenmu, ba mai yarda ya shiga mota da mamaci ana jajiberin Sabuwar Shekara, sai na juye shi a tsohon buhun siminti na ɗaure. Duk gadar da muka zo sai in sunkuya in ce, "Yaya, gada ce, biyo ni," don kada kurwarsa ta ɓata a hanya.

A hawan dutsen da ke kafin garin Kaili ƙanƙara ta daskare a kan titi. Kwana biyu bas ɗinmu na tsaye, ba ruwan zafi, kowa a wuya yake. Rana ta uku da hantsi direba ya ce a nemo abin da za a watsa ƙarƙashin taya saboda santsi. Ni na zaga bayan dutse. Ina dawowa na tarar da wani dattijo, Luo, wanda ya raba dafaffen ƙwansa da ni, ya kwance buhuna yana watsawa da hannu biyu, har da murnarsa.

Goggo, ban san lokacin da na ɗauki sarƙar da ake ɗaura wa taya ba. Na zabga masa a fuska, ya faɗi, na ƙara, na ƙara. Haƙoransa a kan ƙanƙara, jini na tururi, yana cewa, "Ƙanena, me na yi maka?" Da na yi ihu na ce yayana ne, sai fasinjoji suka rufe ni da duka. Wata mata tana kwaɗa mini fulas tana cewa, "Ɗan banza, ashe kai ka jawo mana wannan masifa!" Suka karya mini haƙarƙari biyu, suka jefa ni kwari ni da buhun. Bas kuwa ta tashi. A kan yayana ta hau.

Da ƙyar na fito daga kwarin. Da na isa gida innarmu ta rungumi buhun, ta jijjiga shi, ta ce, "Youfu ya rame a birni." Bayan Bikin Fitilu, wanda ke rufe shagalin Sabuwar Shekara, za a binne shi. Kullum ina kallon murhunmu, zuciyata na cewa in ɗebi toka in cike, wa zai sani? Luo kuma na ji yana asibiti, ana tsoron idonsa ɗaya.

Ɗan Ƙabilar Miao Mai Rabin Buhu

Ɗana,

Na tausaya maka. Ka ɗauko ɗan'uwanka a kafaɗa cikin sanyin da ya tsayar da jiragen ƙasa, kuma abin da idonka ya gani zai haukata kowa. Amma Luo bai san komai ba, ƙoƙarin fitar da ku yake. Kai ka ɓoye, shi ya biya da fuskarsa. Gobe ka je a duba haƙarƙarinka, daga nan ka nemi gadonsa, ka durƙusa, ka ɗauki ɗawainiyar maganinsa. In ya kai ƙara, ka je da ƙafarka, kada ka jira a zo a ɗauke ka a gaban innarka.

Murhu kuwa ka fita harkarsa. Ka fara gaya wa babban kawunka, ku sanar da innarka tare idan biki ya wuce. Sannan ku koma wannan hawan da turare, ku kira sunansa, ku ɗebo ƙasar gefen titin ku haɗa da abin da ya rage. Za ta yi kuka, wataƙila ta mare ka. Ka tsaya ta mare ka. In ka cike buhun nan, duk shekara ranar sharar kabari tsohuwar nan za ta durƙusa ta ajiye wa tokar girkinta shinkafa, kai kuma kana tsaye a bayanta ka sani.

Ina yi wa Luo fatan idonsa ya tsira, kai kuma ka samu ƙarfin buɗe baki.

Goggo Shufen