Sandar da Ta Fasa Maka Gira

Zuwa ga Fermín, tsawar da ta faɗo mini rana tsaka, wutar da ta kama ni ban shirya ba,

Ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Shekara biyu muna aji ɗaya, ban taɓa ce maka komai ba sai "ara mini biro". Yau ga ni da wasiƙa, bayan na fasa maka gira da sanda! Wace irin yarinya ce ke fara soyayya da zubar da jini?

Ka san a gidanmu ake yin pinyata, tukunyar bikin nan da ake cika da kayan marmari a rataye a igiya, yara su fasa ta da sanda ido a ɗaure. Tun da Baba ya tsallaka iyakar ƙasa ya yi arewa neman aiki, ciwon gaɓɓai kuma ya murɗe hannun Mama, ni ce mai dama kunun fulawa, ni ce mai manna takarda a jikin tukwanen ƙasa, ni ce mai kafa musu ƙahoni bakwai-bakwai. In yi girki, in kai ƙannena makaranta, in yi nawa karatun a kan buhun gyaɗa. Ranar da na cika sha biyar aka miƙo mini 'yar tsana ta ƙarshe kamar yadda al'ada ta tanada, aka ce na girma. Na yarda. Na cusa ta a akwati na danne murfin da gwiwa. Tun daga nan ban ƙara fasa tukunya ba, aikina in tsaya gefe in riƙe wa yara rigunan sanyi.

Sai ranar Laraba, a bikin jiran Kirsimeti na farfajiyar Gwaggo Chayo, ka ba wani igiyar tukunyar da kake ja, ka zo ka ɗaure mini ido. Ka ce, "Ke tsohuwa, karɓi sanda mu ga ko da sauran rai a jikinki." Gwaggo ta ce, "Rabu da ita, ɗan nan, wannan da furfurarta aka haife ta."

Wayyo Fermín, me ka kwance? Dukan farko na sami iska. Na biyu na karya ƙaho. Na uku tukunyar da na yi da hannuna ta tarwatse kamar aradu, lemu da rake da gyaɗa suka zubo mini a ka. Waƙar da ake yi wa mai duka ta kai inda ake cewa lokacinki ya ƙare. Ga abin da ban faɗa wa kowa ba: na ji, na ƙi tsayawa. Na doki kunun fulawa, na doki tashin asuba, na doki iyakar da ta haɗiye mini uba, ina ƙyalƙyala dariya kamar 'yar shekara shida. Ka matso don ka riƙe ni, sanda ta same ka.

Da na cire ƙyallen, jini ya rufe maka ido ɗaya, ya jiƙa farar rigarka. Amma ka sunkuya ka ɗauki lemo ka danƙa mini, ka ce, "Ga ganimarki, soja." Ya masoyina, dutsen nan namu mai hayaƙi bai taɓa girgiza ƙasa kamar yadda maganar nan ta girgiza ni ba! Ta tsaga mini ƙirji, har yau bai haɗu ba.

Na ji an yi maka ɗinki huɗu, na ji mahaifiyarka ta ce kada ka ƙara kusantar mahaukaciyar nan. Girarka na yi nadama, tukunyar kuwa ko kaɗan. Ba zan bar aikin gidanmu ba, Mama ba ta da wasu hannuwa sai nawa. Amma yarinyar da ka fito da ita tana dukan haƙarƙarina dare da rana. Idan kai ma tsoronta kake ji, zan mayar da ita akwati, kuma na san ba za ta ƙara fitowa ba.

Na yi wata tukunya domin daren jajiberin Kirsimeti, mai kaurin da ban taɓa yin irinsa ba. Ka zo, ni zan ja igiya, kai ka rama a kanta.

Taka, muddin tabon nan yana fuskarka,
Nayeli

Ka yarda in sake rubuto maka? In ka yarda, ajiye lemo ɗaya a tagar gidanmu. Na ɓoye sandar, na rantse.