Ruwan Maraba

Kura, Litinin

Aminiyata Nafisat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da 'yan biyu. Mu nan sai godiya. Rubutowa na yi, don in na kira ki hira ce za ta cinye mu.

Kin tuna Muhsina, ɗalibata da na ce miki kanta na ja? Ita ta rubuta wa ƙungiyar manoman kanal ɗinmu, wato magudanar ruwan noman rani, manhajar rabon ruwa. A da kullum rigima ake yi, ana zargin Amiru, mai buɗe ƙofar ruwa, da son kai. Mahaifinta, Malam Salisu, shi ya shawo kan dattawa suka yarda a bi abin da kwamfuta ta faɗa: gonar da ta fi daɗewa ba ta sha ba, ita ce a gaba.

To, tun da aka fara, ruwa bai kai wutsiyar kanal ba, kuma can gonar Malam Salisu take. Jiya na bi ta wurin. Tumatirinsa ya fara fure, amma ganye ya langaɓe, ƙasa ta tsattsage. Ya ƙi kai kuka, don kada a ce aikin 'yarsa ne ya gaza. Ita kuwa ko haɗa ido da ni ba ta iya yi a aji.

Na duba fayil ɗin da manhajar ke ajiye bayanai, komai daidai: ranar da kowace gona ta sha tana nan. Duk da haka, kowace safiya rabon daga bakin kanal yake farawa. Ga manhajar na haɗo miki. Ke da kike wannan aiki a Abuja, ki dubi zumunci ki duba mana.

Taki,
Kubra

Kura, Laraba

Nafisat 'yar albarka,

Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin Hassana ya sauka. Tambayarki ta ko ana kashe kwamfutar ita ta buɗe mana ido. Ana kashewa! Amiru yana rufe ta kowace yamma don ya tanadi caji.

Kin san al'adarmu a nan: duk wanda ya shigo ƙungiya, ranar ake sakar masa ruwa, muna ce masa ruwan maraba. Muhsina ta sa wannan a cikin magini, wato sashen manhajar da ke ƙirƙiro sabuwar gona. Yana karɓar suna da faɗi, sai ya rubuta da kansa cewa yau ta sha. Ashe idan an kunna kwamfuta, sashen manhajar mai karanta fayil wannan maginin yake kira ya sake gina kowace gona, ya tsallake ranar da ke ajiye. Ke nan kowace safiya duk manoma baƙi ne, kowa ya sha yau. Da aka yi kunnen doki, sai manhajar ta bi su yadda suke jere a kanal.

Mun bi shawararki. Muhsina ta rubuta magini na biyu, na dawo da tsohuwar gona, ta yi masa alamar da za ta sa mai karanta fayil ya kira shi kaɗai. Wannan ba ya yi wa kowa maraba, ranar da ke fayil yake ɗauka, in babu ya tsaya ya yi magana.

Amma hankalina bai kwanta ba. Idan gobe sunan mahaifinta ya fito a gaba, wa zai yarda ba ita ta shirya ba? Na san bakin mutanen bakin kanal. In suka ce a jira dattawa su zauna, tumatirin ba zai jira ba. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Kubra

Kura, Alhamis

Aminiyata,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum.

Da safe muka tara manoma a ofishin ƙungiya. Muhsina ta yi bayani, ta nuna musu tsohuwar manhaja, sannan sabuwa. Badamasi, mai gona ta farko a bakin kanal, ya ce shi bai san magini ba, a ba shi ya kashe ya kunna da hannunsa, kuma kada yarinya ta matso. Aka ba shi. Ni dai ƙasa nake kallo.

Sunan da ya fito a gaba na Iyatu ne, wata dattijuwa da gonar albasarta ke bayan ta Malam Salisu. Ta riga shi fara ƙishirwa, ba wanda ya kula. Malam Salisu ne na biyu. Badamasi ya sake kashewa ya kunna, Iyatu dai. Sai ya yi tsaki, ya ce wa Amiru me yake jira.

Malam Salisu ya miƙe. Fartanya ya saɓa, ya je ya share wa Iyatu hanyar ruwa, ruwan na wucewa ta gefen tumatirinsa. Nasa sai gobe in Allah ya kai mu. Furen farko ya zube, amma na tsuguna na duba saman, akwai sauran kore.

A shafa min kan 'yan biyu.

Taki har kullum,
Kubra